Yaya Arame, Ijja Ta Sha Ruwa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran Arame Sar a wani asibiti a birnin Dakar. Shekararta ashirin da huɗu, tana ajin ƙarshe a karatun likitan dabbobi. Mu a nan Tagadirt labarin bai iso mu ba sai ranar Alhamis da hantsi, muna tsakar gida muna fasa ƙwallon argan, 'ya'yan itacen da muke matse mai daga cikinsu. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa. Ita ta riga mu isa.

Likita Abdurrazak, mai kula da asibitin karnuka na bayan kasuwa, ya ce duk wanda ya san ta ya faɗi wani abu ranar da za a taru a yi mata addu'a, a haɗa a aika wa mahaifiyarta. Ni ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuta. Sunana Yamna. A gidanmu ta sauka, ɗakinta yana saman namu.

Yaya Arame, da ke nake.

Kin zo mana farkon zafi. Ɗalibai sukan zo asibitin nan daga ƙasashe, su yi wata biyu suna koyon aiki, su koma. Yawancinsu a birnin Tarudant suke kwana, mota ta kawo su da safe. Ke kika ce kina son gidan da za ki riƙa jin kiran salla, aka kawo ki wurinmu da akwati ɗaya da takalman roba a hannu. Kakarmu, Kaka Mamas, ta dube ki sama da ƙasa, ta tambayi Inna abin da ya kawo ki. Da aka gaya mata sai ta ce, "Daga Sanagal? Duk nisan nan? Mutane na tara guzuri su tafi Makka, ke kin tara kin zo wurin karnukan Tagadirt. Naku sun ƙare ne?"

Kika yi dariya har sai da kika dafa ƙofa. Da Larabcinki mai tuntuɓe kika ce mata naku ma sun yi yawa, shi ya sa kika zo koyon yadda ake rage su ba tare da guba ba.

A ranar Kaka ta kafa miki doka. Koriyar rigar aiki da takalman roba da safar hannu, duk a bakin ƙofa za su tsaya, cikin wani tsohon baho. Kuma ba za ki sa hannu a kwanon abinci ba sai kin wanke shi a gabanta. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Kullum da la'asar za ki tsaya a ƙofa ki tuɓe kayan, ki je famfo ki wanke hannu, ki zo ki miƙa mata shi kamar 'yar makaranta, ita kuma ta juya shi, ta shinshina, ta ce a sake. Da farko 'yar karnuka take kiranki. Kafin wata ya ƙare, ita ke tura miki tsokar da ta fi kyau a kuskus ɗin Juma'a, tana cewa ki ci, kin rame kamar waɗanda kike bi.

Kafin a buɗe asibitin nan, duk shekara idan zafi ya shigo akan zuba nama mai guba a bayan mahauta. Da safe mu tarar da karnuka a miƙe a hanyar makaranta, har da kuliyoyi, wata shekarar har da kajin maƙwabta. Shekara ta zagayo kuma karnukan su dawo kamar ba a taɓa su ba. Ku aikinku daban ne. Ku kama kare da raga, ku yi masa allurar barci, ku yi masa aikin da ba zai sake haihuwa ba, ku yi masa rigakafin ciwon hauka, ku maƙala masa rawayar alama a kunne, ku mayar da shi daidai inda kuka ɗauko shi. Wanda ke da alamar ba a taɓa shi. Matan unguwa suka riƙa cewa karnukan garin nan sun sami ɗan kunne kafin 'yan matansa.

Karyar da kika fara yi wa aiki da hannunki wata baƙa ce mai ɗingishi. Kin ba ni labari cewa kin yi bisimilla ya fi a ƙirga kafin ki taɓa ta da wuƙa. Kika sa mata suna Zaitun. Tun da ta warke take rako ki gida, ta kwanta kusa da bahon nan, ba ta taɓa tsallake ƙofa ba, kamar ita ma Kaka ta karanta mata dokar.

Ni kuma ba ki taɓa matsa mini in yi magana ba. Baƙi sukan tambayi Inna ko bebiya ce ni. Ke kuwa sai ki hau soro da yamma inda nake shanya, ki zauna ki taya ni ninke kaya, mu yi shiru tare. Wata rana kika ce mini karnuka sun fi yarda da mutum mai shiru, da zan yi karatu da na fi ki iya kama su. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa shiruna zai yi amfani.

Kin je makarantar su Ijja, ƙanwata mai shekara shida, kin koya wa yara abin da za su yi. Idan kare ya biyo ka, ka tsaya cak kamar itace. Idan ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, sannan a tafi asibiti a ranar. Da suka tambaye ki wankin har yaushe, kika ce a ɗora butar shayi a wuta, kada a daina wanki sai shayin ya dahu, an zuba, an mayar, an sake zubawa. Yaran garin nan duk sun haddace.

Saura mako biyu ki tafi abin ya faru.

Kin dawo aiki, kin tuɓe kayanki a baho, kin wanke hannu, sai muka ji ihun Ijja daga bayan tanderun burodi. Wani ɗan kwikwiyo ne ja, ba shi da alama, ba mu san daga inda ya fito ba. Ta gan shi yana makyarkyata, ta ɗauke shi za ta ba shi madara, ya kama ta a gefen hannu ya ƙi saki. Ke kika fara isa. Da hannunki haka nan, ba safa, kika buɗe bakinsa kika ɓamɓare shi, kika kife shi da kwandon wanki, kika ce in zauna a kai. Kika ɗauki Ijja zuwa famfo.

Wankin nan shi ne abin da ba ya barina. Kin durƙusa, kin rungume ta ta baya, kina cuɗa hannun da sabulu, tana kuka tana shure-shure, ke kuma kina rera mata wata waƙa da yarenku a kunne. Ruwa ya cika tsakar gida har ya fita ta ƙarƙashin ƙofa. Kaka tana faɗa wai za ki ƙarar mana da ruwan mako guda. Ba ki ɗaga kai ba, kika ce wa Inna ta ɗora shayi. Inna ta ɗora. Sai da ya dahu, aka zuba, aka mayar, sannan kika rufe famfon.

A ranar kika tare tasi muka tafi Tarudant, ni da ke da Inna da Ijja. Aka yi mata allura, aka ce zuwa uku za ta yi, kada a tsallake ko ɗaya. Nas ɗin ta tambaya ko akwai wani da karen ya taɓa. Na nuna mata hannunki, don na ga ɗan jan layi a gindin babban yatsanki inda haƙorin ya goga. Kika yi murmushi, kika buɗe mata hannuwan duka biyu. Cike suke da yakushi, sabo da tsoho, kamar na kowane ɗalibi a asibitinku. Kun saba nuna wa juna kuna dariya. Kika ce ku an yi muku rigakafi tun a makaranta. Nas ta ce duk da haka akan ƙara. Kika ce kin sani, ƙarzuwa ce kawai, za ki yi ƙarin idan kin koma gida, yau ta yarinya ake yi. Dukanmu muka yarda, don ke ce likita.

Kwikwiyon kika sa shi a keji a inuwar bayan asibitinku. Kika yi mana bayani cewa za a zuba masa ido na kwanaki. Idan ya rayu lafiya, hankali ya kwanta. Idan ya mutu, a aika da kansa birni a duba. Ta haka ake sani.

Amma mu muna da namu maganin. Tun kakannin Kaka, idan kare ya ciji mutum, sai a kashe karen, a ƙona gashinsa, a shafa tokar a raunin. Kaka ta yi haƙuri kwana biyu. Ranar Juma'a, kowa yana wurin kuskus, ta aiki Kawu Lahsan, ƙanen Inna. Ya buɗe kejin, ya tafi da kwikwiyon busasshen rafi, ya dawo da toka a ƙunshe. Sauran ya ƙone shi ƙurmus, don kada wani kare ya tono.

Da kika ji, na ɗauka za ki yi faɗa. Sai kika zauna a kan matakala. Kawu yana cewa ai ya hutar da ku ciyarwa, karen banza, wa zai yi kukansa. Kika ce masa a hankali ba karen kike ji ba, yanzu ba mai iya sanin abin da ke jikinsa. Sannan kika je kika durƙusa gaban Kaka, tana riƙe da tokar.

"Kaka, ki yi mini abu ɗaya. Ki ƙulle ta a ƙyalle ki rataya mata a wuya. Kada ta taɓa raunin."

"A wuya kare ya cije ta?"

"A'a. Amma naki ya yi aiki daga sama, nawa ya yi daga ƙasa, su haɗu a tsakiya."

Kaka ta harare ki, ta ce ke dai bakinki ya fi wuƙarki kaifi. Amma ta ƙulle tokar ta rataya mata.

Zuwa na biyu ke kika kai ta da kanki, kika sayo mata alewa a hanya. Na uku ya faɗo bayan tafiyarki da mako guda. Ranar da za ki tafi, tasi yana jira, kika riƙe hannun Kaka da hannu biyu kina roƙonta kada a manta. Ta ce ki tafi kada jirgi ya bar ki, ita da kanta za ta kai ta. Kika bar takalman robarki a baho, kika ce na wanda zai zo bayanki ne. Zaitun ta bi motar har gada.

Ranar allurar ƙarshe, Inna tana wurin matsar mai tare da matan ƙungiyarsu. Kaka ta fita da Ijja tun da safe, suka dawo bayan azahar, Ijja da filasta a damtse da alewa a kumatu. Kika kira da yamma, muka ce miki an yi. Na ji kina hamdala. Bayan nan kin ci gaba da aiko mana da murya a wayar Inna, kina ba mu labarin jarrabawa, kina tambayar ƙafar Zaitun, kina ce wa Kaka yanzu ba mai duba miki hannu, kin zama ƙazama. Tsakiyar Satumba kika ce yatsanki yana miki zugi, kin yi rubutu da yawa. Daga nan muryar ta ɗauke. Muka ce karatu ne.

Ranar Alhamis ɗin nan, Likita Abdurrazak ya tsaya a bakin ƙofa kusa da bahon, ya ƙi shigowa sai da Inna ta yi magana sau biyu. Ya faɗa mana. Ya ce ciwon haukan kare ne. Rigakafin da aka yi miki ya daɗe, tun shekararki ta farko, ƙarin kuma ba ki yi ba, da kika koma jarrabawa ta sha kanki. Ya ce mahaifiyarki ce ta kira shi da kanta. Ta gaya masa cewa a kwanakin ƙarshe ko ƙarar zuba ruwa a kofi ba kya iya jurewa, don ciwon yana sa tsoron ruwa. Ke da kika cika mana tsakar gida da ruwa.

Sai ya ce akwai saƙo. Akwai lokacin da hankalinki ya dawo na ɗan lokaci, kin san abin da ke jikinki, kin fi kowa a ɗakin sani. Ba ki tambayi komai game da kanki ba. Kika ce wa mahaifiyarki a kira Tagadirt, a tambaya da kyau, ba a waya ba, mutum ya je gidan da ƙafarsa: yarinyar ta gama allurarta?

Inna tana kuka ta ce ta gama. Ni ma na gyaɗa kai. Ban da Kaka. Dutsen fasa argan yana hannunta, ta ajiye shi a hankali.

"Ban kai ta ba," in ji ta.

Duk muka juyo muka dube ta.

"Kabarin waliyyi na kai ta, na bayan tsauni. Na yi mata wanka da ruwan rijiyar. Raunin ya riga ya warke, na ce me za a ƙara huda yarinya. Filastar a kantin Hammu na saya."

Ijja tana wasa da ƙwallayen argan a gefe. Ta ɗaga kai ta ce Kaka ta ce kada ta faɗa.

Ban taɓa ganin Kaka ta yi sauri irin na ranar ba. Ta ja mayafinta, ta sa wuƙa ta yanke zaren da ke wuyan Ijja, ta jefa ƙullin cikin tanderu, ta goya ta kamar jaririya, ita da ko tulu ba ta iya ɗauka. Likita ya kai mu Tarudant a motarsa. A gaban nas Kaka ta maimaita abin da ta yi da bakinta, ba ta rage komai ba. Aka yi wa Ijja allurar. Babban likitan ya ce wankin da aka yi mata nan take da zuwa biyu na farko, da yardar Allah, sun tare mata. Inna ta ce ya rantse. Ya ce rantsuwa ba tasa ba ce, amma a bar ta ta yi wasanta, a dai sa ido, idan ta yi zazzaɓi ko ta ƙi ruwa a kawo ta.

Tun ranar, haka muke. Kowace safiya kafin a ci burodi Kaka takan ɗebo ruwa a kofin silba, ta kira Ijja. Inna ta daina abin da take yi. Ni ina tsayawa a bakin madafa ina kallon maƙogwaronta. Ijja ba ta san dalili ba, ta ɗauka wani sabon wasa ne, wani lokaci ta kumbura kumatu ta riƙe ruwan don ta ga fuskokinmu. Ba mai yi mata faɗa. Muna jira har ta haɗiye.

Yaya Arame, da magariba nakan ji famfo yana zuba. In fita da gudu in tarar a rufe yake, ƙasan a bushe. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Bahon yana nan a ƙofa da takalmanki a ciki. Sababbin ɗalibai sun zo, Likita ya aiko a karɓi takalman, Kaka ta ce a saya musu wasu. Zaitun tana zuwa da la'asar ta kwanta a wurin, tana kallon hanyar kasuwa. Shekaranjiya na ga Kaka ta ajiye mata ɓawon burodi da romo, tana ce mata ta ci, mai zuwan ba za ta zo ba. Kawu Lahsan ya daina bin hanyar rafi. Yanzu shi ke riƙe wa ɗalibai raga ranar kasuwa, kuma na ji shi yana yi wa wani Bature tsawa a kan ya sa safar hannu.

Ya Allah, baiwarka Arame ta zo garin da ba nata ba, ta tausaya wa halittar da kowa ke jifa, ta ɗauki dokar tsohuwa ba ta yi fushi ba, ta durƙusa a laka saboda 'yar wasu. Ka ji ƙanta. Ka yafe mata kurakuranta, ka sa wahalar kwanakinta na ƙarshe ta zama kaffara. Ta bar duniya da ƙishirwa, ya Allah ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da ba ƙishirwa bayansa. Ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi, ka sa Aljanna ce makomarta. Mu kuma ka yafe mana, ka yafe wa Kaka, ka bar mana Ijja.

Ina miƙa ta'aziyyar gidanmu ga mahaifinta da 'yan'uwanta, da malamanta da abokan karatunta, da Likita Abdurrazak da duk ma'aikatan asibitin. Allah ya ba ku haƙurin rashinta.

Ke kuma Mama Ngone, mahaifiyarta, ba mu taɓa haɗuwa ba, amma mun san ki, don kullum tana cewa shinkafarki da kifi ta fi kuskus ɗinmu, Kaka tana cewa ƙarya take. Kaka ta ce in gaya miki ba ta da fuskar da za ta nemi gafararki, amma tana nema. Kin isar da saƙon 'yarki a ranar da ba wanda zai zarge ki in kin manta, kuma ya iso. Idan kin je kabarinta ki ba ta amsa. An yi allurar. Yau da safe Ijja ta shanye kofin duka, ta goge baki da hannun nan, ta ce a ƙara mata.

Yamna, 'yar gidan Mamas, Tagadirt.